Yadda za ka sa molikul su sarƙe da kansu a cikin fulas

Maganar gaskiya babu hannun da zai iya kama molikul ya zura shi ta cikin wani molikul ɗin, abun ya yi ƙanƙanta da yawa, nanomita ɗaya zuwa uku ake magana, kuma a ɗigon ruwa ɗaya suna nan ba adadi kowa na ta watsal-watsal. Amma duk da haka yau akwai zobba biyu da aka sarƙe da juna, akwai ƙulli na gaske wanda aka yi da molikul guda, akwai keji cikin keji, har da saƙa mai zaren tsaye da na kwance. Ba wanda ya ɗaura ko ɗaya. Masu aikin tsara kayan haɗin suke yi yadda sarƙewar za ta zama ita ce ta fi wa molikul ɗin sauƙi, su zuba a fulas, su ɗumama, su koma gefe su jira. In kai ɗalibin kimistiri ne ka san ligan, wato molikul ɗin da ke kama ƙarfe, ka san ƙarfe mai caji, toh ga ta inda ake bi.

Fara da biro da takarda, ka ƙirga giciye

Kafin ka taɓa sinadari ko ɗaya zana abun da kake so a shimfiɗe, ka ƙirga wuraren da zare ya haye kan zare. Zobe biyu masu sarƙe ɗaya, wato katinen, giciye 2 ne. Ƙulli mafi sauƙi giciye 3. Sarƙen Sulaiman, wato zobe biyu masu sarƙe biyu, giciye 4, zobban Borromiyo guda uku giciye 6. Wannan lambar ita ce aikinka, don kowane giciye sai ka samo abun da zai riƙe zaren biyu a wurin har a rufe bakinsu, in ba haka ba sulluɓewa za su yi.

A 1960 Edel Wasserman ya gwada ta sa'a, ya yi ta rufe dogayen sarƙoƙi a gaban manyan zobba da fatan wani zai rufu yana cikin wani, abun da ya fito bai taka kara ya karya ba. Sai 1983 Jean-Pierre Sauvage da Christiane Dietrich-Buchecker a Strasbourg ta Faransa suka kawo dabarar da kowa ke kai har yau, a sa ƙarfe ya riƙe giciyen. Jan ƙarfe mai caji ɗaya, Cu(I), yana son natirojin huɗu a kewaye da shi, in ka ba shi fenantirolin biyu, ligan ne mai natirojin biyu, sai ya kama su ɗaya a tsaye ɗaya a kwance sun gicciye juna, kaga giciyenka ya samu a kyauta, saura ka haɗa bakin kowanne ya zama zobe. Wannan aikin yana cikin abun da ya ba Sauvage Nobel a 2016 tare da Fraser Stoddart da Ben Feringa.

Akwai ɗan lissafi mai daɗi a nan. In ka jera ƙarfe a layi zare biyu suna tufke a kansu, ƙarfe 1 zai ba ka katinen, ƙarfe 2 ƙulli mai giciye 3, ƙarfe 3 sarƙen Sulaiman. Giciye mara ya ba ka ƙulli na zare guda, giciye cika ya ba ka zobe biyu. A takarda sai ka ce ai shikenan a yi ta ƙara ƙarfe, amma da tufkar ta yi tsawo bakin zaren na nan ya yi nisa da na can, rufewa ta zama wahala. Ƙullin farko da su Sauvage suka yi a 1989 kashi 3 cikin ɗari kawai suka samu.

Zaɓen ƙarfe

Ƙarfen shi ne mai ba da kusurwa, don haka zanenka ne zai gaya maka wanda za ka ɗauka, ba wanda ya fi araha a sito ba. Cu(I) na giciyen zare biyu ne. Baƙin ƙarfe Fe(II) yana ɗaukar natirojin 6, wato baifiridin uku ko makamancinsa, kuma yana da wani alheri, in ya kama irin waɗannan ligan ɗin ba ya damun NMR, na'urar da ke nuna tsarin molikul da layuka, layukanka za su fito tas. Faladiyom Pd(II) shimfiɗaɗɗe ne mai hannu huɗu a murabba'i, in ka toshe hannu biyu na kusa da juna da etilindayamin sai ya zama kwana mai digiri 90, da ita Makoto Fujita ya haɗa murabba'insa a 1990, faladiyom 4 da baifiridin 4. Zink kuma ba shi da taurin kai, yana karɓar siffa kala-kala kuma yana kamawa yana saki da sauri.

Wannan saurin sakin ka riƙe shi, za mu dawo kansa don shi ne zuciyar maganar.

Zaren kansa

Ligan ɗinka yana buƙatar sashe mai tauri da sashe mai laushi, kuma gane iyakar kowanne shi ne ƙwarewar. In ya yi laushi da yawa sai ya naɗe kansa a kan ƙarfe guda ya ba ka ɗan ƙaramin zobe mara amfani. In ya yi tauri da yawa ba zai iya lanƙwasa ya zagayo ba, sai ka samu doguwar folima ta zube a gindin fulas. Su Sauvage da suka cire mahaɗin tsakiya mai laushi suka sa zoben benzin mai tauri, ƙullin nan na kashi 3 ya tashi zuwa wajen kashi 30, ba su canja ƙarfe ba, ba su canja dabara ba, tsakiyar zaren kawai.

Sannan ka bar wa zaren filin da ɗan'uwansa zai wuce. Zobban aromatik suna son kwanciya kan juna da tazarar angistirom 3.3 zuwa 3.5 (angistirom 10 ne nanomita ɗaya), don haka in ramin zobenka ya kai wajen angistirom 7 tsakanin bango da bango, daidai kenan da kaurin zoben aromatik guda ya shige tsakiya ya manne hagu da dama. In ramin ya fi haka ƙanƙanta ba mai shiga, in ya yi girma sosai mai shigar ba abun da zai riƙe shi. Ni a ganina nan ne mafi yawan zane ke mutuwa, mutum ya ɓata wata guda yana tunanin ƙarfe amma bai auna ramin ba ko a kwamfuta. Yi ɗan model ko da mai sauƙi ne kafin ka fara haɗa ligan, ligan ɗin nan shi zai ci maka lokaci fiye da komai.

Haɗin da zai iya kwancewa

Ga abun da ya raba haɗa-kai da sauran kimistiri. Lokacin da ka zuba kayan, farkon abun da ke faruwa hauka ne, kowane ƙarfe ya cafki ligan ɗin da ya fi kusa da shi, a samu guntaye, a samu sarƙoƙi marasa kan gado, zobba manya da ƙanana. In haɗin ƙarfe da natirojin ba ya kwancewa toh a haka za ka ƙare. Kamar wanda ya saka maɓallin riga a ramin da ba nasa ba ne tun daga wuya, duk yadda ya ja rigar ba za ta daidaita ba sai ya ɓalle ya sake. Saboda haka kake son haɗin da ke kamawa yana saki, kuskure ya kwance, a sake, a sake, har kayan su faɗa siffar da kowane ƙarfe ya cika hannuwansa, kowane zobe ya samu inda zai kwanta, babu wanda aka matse. Daga nan ba sa son fita, sai su taru a can.

Duba abun da ƙungiyar Stoddart ta yi a 2004 ka ga ƙarfin wannan dabarar. Zobban Borromiyo zobba uku ne da babu biyun da suka sarƙe da juna kai tsaye, amma ukun ba sa rabuwa, in ka yanke ɗaya sauran biyun su zare. Guda 18 suka zuba a tukunya ɗaya, zink 6, dayaldihaid na firidin 6, dayamin mai baifiridin a jiki 6, a cikin metanol mai tafasa. Haɗin imin 12, wato haɗin amin da aldihaid, suka ƙullu, haɗin zink da natirojin 30, kuma zobban suka fito da yawa sosai ba ɗan tsiraru ba. Sirrin shi ne iri biyu na haɗin duka masu kwancewa ne, imin yana ɓallewa ya sake ƙulluwa in akwai ɗan ruwa da ɗan asid, zink ma haka. Jonathan Nitschke a Cambridge ya gina aikinsa da yawa a kan wannan, ba ya ma haɗa ligan ɗin tukuna, amin da aldihaid da ƙarfe yake zubawa ligan ɗin ya ƙullu a jikin ƙarfen.

Wani darasin kuma daga Fujita. A 1994 ya nuna zobba biyu na faladiyom da an riga an rufe su suna shigewa cikin juna a ruwa, saboda haɗin faladiyom yana buɗewa na ɗan lokaci ɗayan ya wuce ya sake rufewa. Da ya sa filatinom a madadinsa a zafin ɗaki ba abun da ya motsa, filatinom ba ya saki. Sai ya zuba gishirin naitiret da yawa ya kai zafi digiri 100, haɗin ya fara buɗewa, katinen ya haɗu, da aka huce aka cire gishirin sai ya kulle ba ya komawa. Kaga zafi da gishiri su ne mabuɗin, kai ke buɗewa kai ke rufewa.

Don haka in ka duba NMR bayan awa ɗaya ka ga tarkace kar ka zubar. Su Jean-Marie Lehn sun ga haka da Fe(II), farko miƙaƙƙiyar tufka ce ke fitowa cikin gaggawa, sai an ci gaba da dafawa a etilin gilaikol mai zafi sosai sannan ta rikiɗe ta koma tufka mai da'ira. Wanda ya tsaya da wuri zai rantse da'irar ba ta haɗuwa.

Abubuwan da ake rainawa

Gishirin ƙarfen da ka saya yana zuwa da abokin tafiya mai caji na ragi, kuma mutane suna ɗaukarsa kamar ɗan kallo ne, alhali sau da yawa shi ne mai yanke hukunci. A 1996 Lehn ya yi amfani da FeCl2 ya samu da'ira mai ƙarfe 5 da kuloraid ɗaya zaune a tsakiya daram, da aka canja zuwa salfet sai da'ira mai ƙarfe 6 ta fito, ligan ɗaya ƙarfe ɗaya. David Leigh ya ɗauki wannan da'irar ta 5 ya rufe bakunanta da imin ya samu ƙulli mai giciye 5 a 2012, zare guda mai atam 160, kuloraid na tsakiya. Da'irar ce ta warware matsalar nisan baki da muka faɗa, tunda a da'ira kowane bakin zare yana kusa da wanda za a haɗa shi da shi. Daga baya a Manchesta suka yi katinen mai siffar tauraro mai giciye 6 a 2014, sannan ƙulli mai giciye 8 da atam 192 a 2017.

A kejin faladiyom ma haka abun yake. Guido Clever a Jamus ya yi ligan mai lanƙwasa, faladiyom 2 da ligan 4 su ba ka keji guda, in ka ci gaba da ɗumamawa a asitonaitirail keji biyu su shige cikin juna su zama faladiyom 4 ligan 8 masu aljihu uku a jere. Faladiyom huɗu masu caji iri ɗaya a layi ai ture juna za su yi, abun da ke sa su yarda shi ne BF4, abokin tafiyar nan mai caji na ragi, da ke zama a tsakaninsu. In ka sa wanda ya fi aljihun girma sarƙewar ba za ta yi daɗin faruwa ba. Toh ka gwada gishiri uku ko huɗu na ƙarfe ɗaya tun farko, naitiret, BF4, PF6, tiriflet, kowanne a bututun NMR nasa, wannan gwajin na yini biyu ya fi maka dogon tunani.

Kauri kuma, wato yawan kayan a cikin ruwan narkarwa. Sarƙewa abu biyu ne ke zama ɗaya, don haka kauri yana tura ta gaba, tsarma yana mayar da ita baya. Katinen ɗin Fujita in ka tsarma shi sosai zobba ɗai-ɗai za ka gani, in ka kaurara sai sarƙaƙƙun su mamaye. Ruwan narkarwar shi ma yana da baki a maganar, ruwa zalla yana kora zobban aromatik su ɓuya cikin juna, shi kuwa wanda ke son zama cikin ramin da kansa zai hana zaren shiga.

A fulas

Auna kayan daidai da lissafin zanenka, in 2 da 4 ne toh 2 da 4, nan ba wurin a ƙara kaɗan don a tabbatar ba ne, rarar ligan ko rarar ƙarfe tana karkatar da komai zuwa guntaye. Ya fi ka haɗa ruwan kowanne daban mai sanannen kauri ka ɗiba da sirinji, don auna miligiram biyu a sikeli akwai kuskure. Fara ƙarami, rabin mililita a bututun NMR da ruwan narkarwa mai diyuteriyom ya isa, ka ɗumama a digiri 60 zuwa 70, ka duba bayan awa ɗaya, bayan kwana, bayan kwana biyu, har layukan su daina canjawa. In Cu(I) ne ka kore iskar oksijin ka yi aiki ƙarƙashin natirojin ko argon, launin ja mai duhu shi kake so, in ya fara komawa kore jan ƙarfenka ya zama Cu(II) kuma wannan ba siffar da ka zana yake so ba. Fe(II) da irin waɗannan ligan ɗin ja ne ko shunayya mai kauri, amma kar launi ya ruɗe ka, tarkace ma launin nan gare su.

Kullewa da cire ƙarfe

In ƙarfen yana cikin zoben kansa, kamar na Fujita da kejin Clever, aikinka ya ƙare a nan, sai dai ka sani abun da zafi ya haɗa tsarma ko wani ligan mai ƙarfi zai iya kwance shi. In kuwa ƙarfen riƙon giciye kawai ya yi kana son ka cire shi, sai ka rufe bakunan zaren da haɗin da ba ya kwancewa. Su Sauvage da farko haɗin ether suka yi da sizyom kabonet a ruwan narkarwa na DMF, ana ɗiga kayan a hankali cikin ruwa mai yawa don kowane zare ya sami bakin kansa kafin na maƙwabci. Da katalis ɗin Grubbs ya zo mai haɗa alkin biyu na ƙarshen zare, katinen ya haura kashi 90, ƙulli mai giciye 3 ya kai kashi 74. In imin ne sai ka rage shi da sodiyom borohaidiraid ya zama amin tukuna, in ka cire ƙarfe imin na nan yadda yake komai zai iya wargajewa.

Fe da zink ana janye su da EDTA, wani ligan mai kama ƙarfe da ƙarfi. Jan ƙarfe kuwa da fotasiyom sayanaid aka saba cire shi, kuma wannan guba ce mai kisa, in asid ya taɓa ta iskar da ke tashi ita ma kisa take, ba aikin da ɗalibi zai yi shi kaɗai ba ne ko ba a cikin akwatin zuƙe hayaƙi ba, sai da mai kula da lab a tsaye.

Ta ina ka san ya sarƙe?

Nan ne ake yawan yaudarar kai. Babban zobe guda mara ƙulli da ƙullin da katinen ɗin duk za su iya zama nauyi ɗaya atam iri ɗaya, don haka ganin nauyin da kake nema a na'urar auna nauyin molikul bai ce an sarƙe ba, ya dai ce guda nawa suka haɗu. Amfaninta na gaba shi ne ka fasa abun a cikinta, katinen in zobe ɗaya ya tsinke ɗayan zarewa yake gaba ɗaya, sai ka ga nauyi ya faɗo daga na biyu zuwa na zobe ɗaya ba komai a tsakani, babban zobe kuwa gutsurewa yake kaɗan-kaɗan.

A NMR nemi haidirojin da suka gudu zuwa ƙananan lambobi, alama ce suna kwance a ƙarƙashin zoben aromatik na wani zaren. Nemi CH2 da a da layi ɗaya ne yanzu ya rabu biyu. A keji cikin keji kowane layin ligan rabuwa biyu yake, don rabin ligan ɗin yana ciki rabi yana waje. Akwai wasu gwaje-gwajen NMR guda biyu, DOSY zai gaya maka ko duk layukan na abu ɗaya ne da kuma kimanin girmansa, NOESY ya nuna maka sassan da a takarda suna nesa amma a zahiri suna gogar juna.

Duk wannan shaida ce, amma mai rufe bakin kowa kiristal ne da hoton eksire. Sa ruwan kayanka a ƙaramar kwalba a buɗe, sa ta cikin babba mai ruwan ether, rufe babbar, ajiye inda ba mai girgiza ta, tururin ya riƙa shiga a hankali. Kiristal ɗin irin waɗannan cike suke da ruwan narkarwa, minti kaɗan a iska sai su dushe su farfashe, don haka daga ruwansu sai cikin mai sai sanyin kelbin 100, kuma sau da yawa ba sa watsa hasken da kyau sai an kai su sinkurotiron, babbar na'ura mai ba da hasken eksire mai ƙarfi. Abu ɗaya kuma, kiristal yana zaɓen wanda ya fi saurin daskarewa ne ba wanda ya fi yawa ba. Su Stoddart da suka gauraya zink da jan ƙarfe a girkin Borromiyo sarƙen Sulaiman ne ya fito a kiristal a 2007. Saboda haka ka narkar da kiristal ɗin ka sake NMR ka ga ko shi ne abun da ke cikin fulas.

In sarƙe mara iyaka kake so

Ƙa'idojin ba su canja ba, girman ne ya canja. A ragar ƙarfe da ligan da ake kira MOF, wadda ta kawo wa Richard Robson da Susumu Kitagawa da Omar Yaghi Nobel na 2025, in ka tsawaita ligan ramin ya yi girma sai raga ta biyu ta tsiro a cikin ta farko ba tare da haɗi ko ɗaya a tsakaninsu ba. Ko zink sayanaid raga biyu ne irin na daimon a sarƙe. Mai neman babban rami yana ganin wannan asara ce, sai ya tsarma ruwan sosai ko ya liƙa wa ligan wani ƙullutu da zai tare hanya. Mai neman ƙarfi da ƙananan ramuka kuma ya kaurara ya ƙara zafi.

Saƙa ta gaske kuwa, a 2016 su Yaghi suka koma kan giciyen Sauvage na Cu(I) da fenantirolin biyu, suka sa aldihaid a bakunansa huɗu suka haɗa da benzidin, dogayen zaruruwa suka fito suna hawa suna sauka kan juna, suka kira shi COF-505. Da aka cire jan ƙarfen saƙar ba ta warware ba, zaruruwan dai sun sami damar zamewa kan juna abun ya ninka laushi wajen sau 10, da aka mayar da ƙarfen ya koma yadda yake.